Me ya sa shirin barkwancin 'yan Filifin ya shekara 30 bai mutu ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin gine-gine a Jidda, kuma kusan rabin abokan aikina 'yan Filifin ne. Da an tashi hutun cin abinci sai su taru a kan waya ɗaya suna kallon wani shiri wai shi Bubble Gang, suna dariya har da hawaye. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini tun yana saurayi ake nuna shirin, kuma har yau ba a daina ba. Ni kuwa kafin in taho muna yin 'yan gajerun bidiyon barkwanci da abokaina a Kano, amma ko shekara ba mu rufa ba muka watse. Don Allah wane irin shiri ne wannan, mene ne sirrin daɗewarsa, kuma akwai abin da irinmu za mu koya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar abin da aka je nema, ya dawo da ku gida lafiya. Dattijon nan bai yi maka ƙari ba. An fara nuna Bubble Gang ranar 20 ga Oktoba 1995 a tashar talabijin ta GMA da ke birnin Quezon, kusa da Manila, kuma a Oktoban 2025 ya cika shekara 30 ana yinsa mako-mako. A duk ƙasar babu shirin guntayen wasannin barkwanci da ya kai shi daɗewa. Wanda aka haifa a makon da aka fara shi, yau magidanci ne.

Idan na fahimce ka, ba tarihin shirin ne ya fi damunka ba. Abin da ke cin ranka shi ne, ta yaya wasu mutane suke ba da dariya shekara da shekaru ba su ƙare ba, alhali ku da kuke da basira da ƙuruciya abin ya gagare ku cikin 'yan watanni. Na daɗe ina rubuta wasannin barkwanci na rediyo da talabijin, na kuma ga ƙungiyoyi irin taku da yawa sun tashi da ƙarfi sun faɗi, don haka ta wannan fuskar zan dubi shirin. Amsata a taƙaice ita ce: Bubble Gang bai rayu don yana da mutumin da ya fi kowa ban dariya ba. Ya rayu ne don an gina shi a matsayin wurin aiki, da marubuta da jadawali da tsarin da yake cin abin da mako ya kawo. Amma sai na yi maka shimfiɗa kafin maganar ta zauna.

Ƙasar da ta haifi shirin

Filifin tsibirai ce fiye da 7,000, mutanenta sun haura miliyan 110, mafi yawansu Kiristoci 'yan Katolika, sai Musulmi da suka fi yawa a kudu, yankin Mindanao. Sifaniya ta mulke su sama da shekara 300, sannan Amurka ta karɓa daga 1898 zuwa 1946. Zamanin Amurkawa ne ya bar musu wani salon wasan dandamali da suke kira bodabil, inda a zama ɗaya za a yi waƙa, a yi rawa, a yi ɗan wasan ban dariya, a kwaikwayi wani sananne, kowanne 'yan mintoci a wuce. Manyan 'yan wasansu na farko daga can suka fito, har da Dolphy, wanda suke yi wa kirari da sarkin barkwanci, ya rasu a 2012. Wato tun kafin talabijin ta zo musu a 1953, kunnen ɗan Filifin ya saba da nishaɗin da ake yankawa gunduwa-gunduwa.

Abu na biyu shi ne harshe. Suna da harsuna fiye da 100, amma harshen Manila, wato Tagalog, shi ne ginshiƙin harshen ƙasa, kuma a birni ana cuɗa shi da Ingilishi a jimla ɗaya. Yadda mutum yake furta Ingilishi yana nuna gidan da ya fito da makarantar da ya yi da lardin da aka haife shi. Babban kaso na dariyar da abokan aikinka suke yi daga nan take fitowa, shi ya sa kai da kake leƙawa ta kafaɗarsu za ka ga mutum biyu suna hira kawai, su kuwa suna riƙe ciki.

Sai kuma gasar tashoshi. Shekaru da dama kafin 2020 manyan tashoshi biyu ne suke jan zaren kallo a ƙasar, GMA da ABS-CBN, kuma kowacce tana ɗaure 'yan wasanta da kwantiragi, tana rainon su, tana juya su daga wasan soyayya zuwa barkwanci zuwa gabatar da shiri. Bubble Gang kansa ɗan wannan gasa ne. Manyan taurarinsa biyu na farko, Michael V. da Ogie Alcasid, daga wani shirin barkwanci na wata tashar, mai suna Tropang Trumpo, aka ɗauko su.

Yadda ake ɗinka shi

Shirin ba labari ɗaya ba ne da ake bi daga mako zuwa mako. Tarin guntaye ne. Wani bai wuce rabin minti ba: mutum biyu, tambaya, amsa, dariya, a yanke. Wani yakan kai minti biyar ko fiye. A ciki akwai kwaikwayon tallace-tallacen da ake yayi a lokacin, inda za a sake ɗaukar tallar sabulu ko ta abinci da irin hasken da kusurwar kyamarar da waƙarta, sai a murɗe ƙarshenta. Akwai kwaikwayon masu karanta labarai da 'yan siyasa da wasannin soyayyarsu masu yawan kuka da mari. Akwai kuma juya waƙoƙi, wanda shi ne fagen da Michael V. ya fi shahara: a ɗauki waƙar da ke tashe, a bar kiɗanta da karinta, a sauya baitocin su koma kan abinci ko talauci ko wata matsalar yau da kullum. A 2023, misali, wata waƙa kan ruwan sama a Manila ta cika gari, sai ya mayar da ita kan wahalar tsayuwa a layi, abin da duk mai hawa motar haya a birnin ya san zafinsa. Kuma ba ɗauka ake yi kai tsaye ba irin ta shirin barkwancin Amurka mai suna Saturday Night Live. Ana naɗa ne a tace, don haka abin da bai yi armashi ba ana iya zubar da shi kafin kowa ya gani.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da masu labari mai dogon zango ba su da ita. Idan guntu ɗaya ya yi lami, mai kallo ba ya tashi, don ya san nan da minti biyu wani zai zo. Idan ɗan wasa ya tafi, babu labarin da ya tsinke. Shirin kamar kasuwar ƙauye yake mai ci mako-mako: 'yan tireda suna sauyawa, kayan da ake kasawa suna bin damina da rani, amma ranar kasuwa tana nan, kowa ya san ta. Shekaru masu yawa ranar ita ce daren Juma'a, sai a 2023 aka mayar da shi ranar Lahadi.

Wa'azin da babu littafi

Bari in tsaya a kan guntu ɗaya, don a ganina shi ne ya fi nuna hankalin marubutan shirin. Akwai wani sanannen mai wa'azin Kirista a ƙasar, Eli Soriano, wanda ya rasu a 2021. Shirinsa na talabijin, Ang Dating Daan, ya yi suna da salon tambaya da amsa: mutum ya miƙe cikin taro ya yi tambaya, mai wa'azi ya umarci mai karatu ya karanto aya, sannan ya fassara ta da zafi da yaƙini. A ƙarshen shekarun 1990 Bubble Gang suka fito da nasu mai suna Ang Dating Doon. Mutum uku a bayan tebur, jagoransu Brod Pete, wanda Isko Salvador yake fitowa a matsayinsa. Zama iri ɗaya, murya iri ɗaya, ɗaure fuska iri ɗaya, umarnin a karanto iri ɗaya. Sai dai abin da ake karantowa ba littafin addini ba ne. Waƙoƙin yara ne na makarantar reno da baitocin waƙoƙin zamani, ana tsinka su kalma-kalma ana ciro musu hukunci kamar maganar rai da mutuwa.

Ka lura da inda suka sa wuƙar. Ba su taɓa nassi ba, ba su taɓa aƙidar kowa ba. Salon suka ɗauka, wato yadda mutum yake iya cika baki da tabbaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙasar da addini yake da ƙarfi sosai, wannan ne ya sa mai zuwa coci ya iya yin dariya bai ji an zagi abin da yake bautawa ba. Kuma mu wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. 'Yan kama sun daɗe suna yin irinta a ƙasar Hausa: ɗan kama zai zauna da kamannin malami, ya ɗauki karin karatu da na fassara, amma duk abin da yake zubowa tuwo ne da miya da nama da fura. Dariyar tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin girman muryar da ƙanƙantar maganar.

Wani abin lura kuma, mutum ukun da ke bayan teburin nan ba taurarin fim ba ne. Isko Salvador da Cesar Cosme da Chito Francisco mutanen bayan fage ne, masu rubutu da tsara shiri. Guntun da ya fi kowanne tashe a zamaninsa, waɗanda suke rubuta wa wasu ne suka fito suka yi shi da kansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ƙarfin gidan yake.

Guntu na biyu da ya kamata ka nema shi ne na 'yar gata Angelina da mai renonta. Ogie Alcasid ne yarinyar, Michael V. ne mai renon, dukansu maza cikin shigar mata. Yarinyar 'yar masu kuɗi ce, sangartacciya, tana watsa wa mai renon Ingilishi don ta ƙasƙanta ta, ita kuwa baiwar Allah 'yar ƙauye tana fama da harshen tana haƙuri. A sama wasan yara ne. A ƙasa kuwa magana ce kan masu gida da 'yan aiki, a ƙasar da miliyoyin mutanenta suke aikatau a gidajen wasu, a cikin gida da ƙasashen waje, har da nan Saudiyya inda kake. Ya karɓu har aka yi masa fim a 2009. Haka ma Boy Pick-Up, wanda ya kwaikwayi gasar gugar zana ta mawaƙan rap da ta yi tashe a lokacin: gwanin da kowa yake jira ya buɗe baki, sai ya faɗi maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, taro kuma ya ɓarke da shewa kamar ya faɗi hikimar duniya. Shi ma an yi masa fim a 2012.

To ina sirrin yake?

Da yawa za su ce maka sirrin shi ne Michael V., wanda sunansa na yanka Beethoven Bunagan, 'yan ƙasar kuma suna kiransa Bitoy. Akwai gaskiya a ciki. Yana cikin shirin tun ranar farko, ya fara da waƙar rap kafin barkwanci, yana rubutu, yana zane, yana iya sauya kama da murya, kuma shi ne mai kula da ɓangaren ƙirƙira na shirin. Tun 2010 yana kuma jan wani wasan barkwancin na daban a tashar, Pepito Manaloto. Amma ka duba irin zaman da ya yi. Bai mayar da shirin gidan mutum ɗaya ba, inda kowa yake tsaye yana jiran ya miƙa masa magana. Guntaye da yawa babu shi a ciki sam. A 2013 Ogie Alcasid, wanda shi ne rabin ƙarfin shirin a idon masu kallo, ya koma wata tasha. A 2016 daraktan da ya daɗe yana riƙe da shirin, Uro dela Cruz, ya rasu. 'Yan wasa sun shiga sun fita ba adadi, an yi garambawul a 2022 an shigo da sababbin fuskoki. Duk wannan bai hana a fito mako mai zuwa ba.

Kwatanta da namu. Samanja Mazan Fama ya yi shekaru yana jan zarensa daga Kaduna, amma shirin da Usman Baba Pategi abu ɗaya ne, ba a iya raba su. Rabilu Musa Ibro ya riƙe finafinan camama shekaru masu yawa, da ya rasu a Disamban 2014 sai aka ga babu wani gida da ya bari wanda zai ci gaba da fitar da irin wannan aiki, sai ɗaiɗaikun masu kwaikwayon muryarsa. Ba basira muka rasa ba, Allah ya sani. Mun saba gina barkwanci a jikin mutum, shi ne marubuci, shi ne labari, shi ne dalilin sayen kaset. Sau da yawa ma babu rubutu: a je lokeshan, a gaya wa jarumi abin da ake so a dunƙule, a kunna kyamara, shi ya san sauran. Wannan yana aiki matuƙar mutumin yana da lafiya kuma bai gaji ba.

Dalili na biyu shi ne ba su dogara da ƙwaƙwalwarsu kaɗai wajen samo abin dariya ba. Wanda ya ce kullum daga cikinsa zai ƙago sabon labari, rijiyarsa za ta ƙafe, ko wane ne shi. Mai kwaikwayo kuwa duniya ce take yi masa noma. Kowane mako akwai sabuwar talla, sabuwar waƙa, sabon ɗan siyasar da ya yi suɓul da baka, sabon yayi a intanet. Aikinsa shi ne ya kalla da idon basira ya gano inda abin ya yi kumburi, ya soka. Shi ya sa idan ka bi tsofaffin shirye-shiryensu za ka iya karanta tarihin abin da ƙasar take kallo da saurare shekara bayan shekara. Kuma da intanet ta zo ba su tsaya suna ƙorafi ba. A ƙarshen shekarun 2000 wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Moymoy Palaboy sun yi suna a YouTube da motsa baki a kan waƙoƙin wasu daga kan kujerar falonsu, sai shirin ya ɗauko su ya ba su fili. Yau kuma guntayen ne ake yankawa ana zubawa a YouTube da Facebook, abin da abokan aikinka suke kallo ke nan. Tsarin da aka yi don talabijin ya zo ya dace da waya ba tare da an sauya masa komai ba, don dama a yanke yake.

Dalili na uku ba shi da daɗin ji, amma shi ne ƙashin bayan sauran: kuɗi da tasha. GMA kamfani ne mai cin riba daga talla, yana da situdiyo da ma'aikata da albashi. Marubucin da ya san za a biya shi ƙarshen wata zai zauna ya rubuta ko ransa yana so ko ba ya so. Na taɓa aiki a wani shiri da ya karɓu sosai a wata tasha, ranar da mai ɗaukar nauyi ya janye, ranar shirin ya mutu, marubuta kuma dama su ne na ƙarshe a layin biya. Sannan akwai sa'a. Babbar kishiyarsu ABS-CBN a da tana da nata shirin guntayen barkwanci, Banana Split, wanda aka fara a 2008 daga baya aka sauya masa suna. A watan Mayun 2020 aka rufe tashar daga watsa shirye-shirye bayan lasisinta ya ƙare, majalisa kuma ta ƙi sabunta shi. A wannan shekarar ta annobar korona, lokacin da aka kulle Manila, Bubble Gang ya lallaɓa da maimaici da guntayen da 'yan wasa suka ɗauka daga gidajensu har aka buɗe gari. Wanda tasharsa ta tsaya da ƙafafunta shi ya ga bayan annobar.

Inda ba zan yabe su ba

Kada ka ɗauka komai nasu abin koyi ne. Shekaru da yawa shirin ya ci abinci da dariyar muni da ƙiba da baƙar fata da karin harshen 'yan lardi. Akwai ɗan wasan da kusan duk aikinsa shi ne a tsaya a yi wa fuskarsa dariya. An kuma daɗe ana saka 'yan mata cikin guntaye ba don wani abin dariya da za su faɗa ba, sai don a kalle su, kuma irin wannan ya jawo musu suka a cikin ƙasar kanta. A 'yan shekarun nan sun rage, wani ɓangare don masu kallo sun sauya, wani ɓangare kuma, a ganina, don lokacin da ake nuna shirin yanzu yara ba su kwanta ba. Wasu tsofaffin masoyansa suna cewa ya yi sanyi, ba shi da yajin da. Ni ina ganin dariyar da ake samu daga nakasar mutum ita ce mafi arha a kasuwa, marubucin da ya dogara da ita hannunsa mutuwa yake yi.

Haka kuma akwai abin da ya zauna lafiya a Manila amma ba zai zauna a Kano ba. Namiji cikin shigar mata shi ne rabin shahararrun guntayensu. Kai ka san yadda jama'armu da hukumar tace finafinai za su karɓi wannan. Ko wa'azin bogin da na yaba, in za ka taɓa irinsa sai ka san bakin zaren fiye da yadda su suka sani, don abin da ɗan kama yake yi a dandali gaban mutanen da suka san shi, in aka yanko sakan 20 daga ciki aka watsa a waya ba tare da farko da ƙarshe ba, wata magana ce daban.

Ku da kuka watse

Ban san abin da ya raba ku ba, amma ƙungiyoyin da na gani galibi abu uku ne yake cin su, kuma sukan zo tare. Mutum ɗaya ne mai ban dariya, sauran 'yan rakiya. Ba a rubuta komai, sai an haɗu ake tambayar yau me za mu yi. Sannan ba a yi maganar kuɗi ba tun babu su, sai da suka fara shigowa. Idan ɗayan nan ya samu aiki ko ya yi aure ko ya tafi Jidda, shi ke nan.

In kuna son sake gwadawa, ka fara da zaman rubutu kafin ka sayi ko da fitila ɗaya. Rana guda a mako, mutum uku ko huɗu, kowa ya zo da abubuwa biyar da ya gani a makon waɗanda suka ba shi haushi ko mamaki: sanarwar kamfanin waya, yadda mai shago yake amsa gaisuwar wanda ake bi bashi, muryar mai tallar maganin gargajiya a lasifika, hirar 'yan takara a rediyo. A karanta da ƙarfi. Abin da bai sa na kusa da kai ya murmusa ba a ɗaki, ba zai ba baƙo dariya a waya ba, a jefar da shi ko na wane ne. Wannan jefarwar ita ce ta fi wuya, don kowa yana son ɗansa, kuma a nan ne ake gane ko ƙungiya za ta rayu. A al'adata, in an kawo goma, biyu ko uku ne suke isa gaban kyamara.

Daga nan ku nemi hali biyu ko uku da za su riƙa dawowa, kowanne a hannun mutum daban. Hali mai dawowa yana rage muku aiki, don mai kallo ya riga ya san shi, da ya bayyana an fara dariya kafin ya yi magana. Amma ku yi masa ritaya tun ana marmarinsa. Bubble Gang sun ajiye Ang Dating Doon na tsawon shekaru sannan suka dawo da shi, ya kuma sake karɓuwa. Da sun matse shi kowane mako ba hutu, da tuni an gundura. Ku kuma tsayar da ranar fitarwa ku riƙe ta ko da abin da kuke da shi a makon bai kai yadda kuke so ba. Mai kallo yana yafe guntu mai rauni, amma in ya zo sau biyu bai tarar da komai ba, ya sauya hanya.

Nisan da ke tsakaninku ba hujja ba ce. Rubutu ba ya bukatar biza. Kana iya zama marubucinsu daga inda kake, kana turo musu ta WhatsApp, kuma zaman da kake yi cikin 'yan ƙasashe daban-daban, kowa yana fama da Larabcin da bai iya ba don ya roƙi sukari a wurin maƙwabcinsa, kaya ne da mutanen gida ba su da shi.

Sai dai in gaya maka gaskiya, duk wannan yana ƙara muku damar daɗewa ne kawai, ba ya ba ku abin da GMA take ba nata mutanen. Ku ba ku da albashi, kuɗin da YouTube da Facebook suke biya a kan masu kallo daga yankinmu kaɗan ne, kuma 'yan kasuwarmu ba su saba ɗaukar nauyin shiri na dogon lokaci ba. Don haka kada kowa ya bar sana'arsa tukuna, kuma ku rubuta yadda za a raba abin da ya shigo tun yana sifiri, har da kason wanda ya yi rubutu bai fito a hoto ba.

Game da kallon shirin kuwa, fara da kwaikwayon talla da na waƙoƙi, don su ido da kunne suna kama rabinsu ko ba ka jin Tagalog. Ka sa abokan aikinka su nuna maka tallar ko waƙar ta asali tukuna, sannan ta Bubble Gang, ka lura da abin da aka bari yadda yake da abu ɗayan da aka murɗe. Guntayen hira kuwa sai da ɗan jagora. Ka zauna kusa da dattijon nan, in sun yi dariya ka tsayar da bidiyon ka ce ya gaya maka wa ake kwaikwaya, kuma me mutumin ya yi a makon da aka fitar da shi.